JIYYAR CIWON DAJI DA RINI DA HASKE: GASKIYAR MAGANA DA NAUYIN DA KE WUYAN IKKILISIYA

Wata ranar Lahadi, bayan an tashi daga sujada ta biyu, mun tarar da jama'a sun yi cincirindo a gindin darbejiyar da ke bakin ƙofar majami'armu. Da muka matsa kusa sai muka ga ashe wani mai talla ne ya baza kayansa a kan tebur, yana riƙe da wata 'yar fitila mai jan haske wadda ba ta fi tocila girma ba. Yana ta shela cewa wai Turawa sun daina yi wa masu ciwon daji aiki, yanzu haske kawai suke haska musu su warke, kuma wai fitilar tasa irin ta asibitocin Turai ce. Kuɗin da ya sa mata kuwa ya kusa na buhun masara.

Da yammacin ranar sai ga wata gwauruwa daga cikin zumuntar mata ta yi sallama a gidanmu. Ɗanta zabiya ne, saurayi mai shekara 24, kuma ya yi watanni da wani gyambo a leɓensa na ƙasa wanda ya ƙi warkewa. Asibiti sun riga sun ba su ranar da za su koma a ɗebi 'yar tsoka daga wurin a gwada. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Malam, tun da ga haske ya zo har ƙofar majami'a, me zai sa in kai yaron nan a yanke shi?" Muka ce mata, "Mama, ki ba mu mako guda mu bincika, amma kada ki taɓa kuɗin motar zuwa asibiti."

Mun zauna da wani likita ɗan ikkilisiyarmu, mun kuma duba rubuce-rubucen masana. Abin da muka gano shi ne, maganar mai talla tana da ɗan ƙwayar gaskiya a cikinta, kuma irin wannan ƙarya ta fi kowace haɗari. Lalle akwai jiyyar ciwon daji da ake yi da haske, likitoci suna kiranta fotodainamik. Sai dai haske kaɗai ba ya yin aikin, kuma ba kowane ciwon daji take iya kamawa ba. Mun ga ya dace mu shimfiɗa maganar a wannan fili domin amfanin 'yan'uwa.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

A ƙarshen shekarun 1890, a birnin Munik na ƙasar Jamus, wani ɗalibin likita mai suna Oscar Raab yana aiki a ƙarƙashin malaminsa Farfesa Hermann von Tappeiner, wanda ke neman sababbin magungunan zazzaɓin cizon sauro. An ba ɗalibin aikin gwada wani rini mai suna akiridin, wanda ake samu daga kwalta, a kan wasu ƙananan halittun ruwa waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, da rini iri ɗaya kuma ma'auni ɗaya, wani lokaci halittun su mutu da wuri, wani lokaci kuma su daɗe suna ninƙaya. Da ya bi diddigi sai ya tarar bambancin yana ga hasken da ke shiga ɗakin. A cikin duhu rinin ba ya yi musu wata illa mai yawa, haske kaɗai ma ba ya kashe su, amma in aka haɗa su biyun sai su mutu. An wallafa wannan bincike a shekarar 1900.

A shekarar 1903 von Tappeiner da wani likitan fata, Albert Jesionek, suka shafa wani jan rini mai suna iyosin a kan ciwon dajin fata na wasu majiyyata, suka haska wurin, suka kuma ga sauƙi. Daga bisani von Tappeiner da abokin aikinsa Albert Jodlbauer suka tabbatar da cewa akwai abu na uku da dole sai da shi, wato iskar oksijin da muke shaƙa, su ne kuma suka raɗa wa abin sunan da ake kiransa da shi har yau. A wannan shekara ta 1903 ce kuma aka ba Niels Finsen na ƙasar Denmak lambar yabo ta Nobel saboda jiyyar tarin fukan fata da haske, abin da ke nuna yadda hankalin masana na zamanin ya karkata ga amfanin haske.

Wani likitan Jamus, Friedrich Meyer-Betz, ya yi wani ganganci da har yanzu ake tunawa da shi. Ya yi wa kansa allurar miligiram 200 na wani rini da ake samu daga jini in an cire masa sinadarin ƙarfe, mai suna hematofofirin, sa'an nan ya shiga rana. Fuskarsa da hannuwansa suka kumbura suntum, suka yi ta raɗaɗi, kuma ya yi sama da wata biyu fatarsa ba ta jure rana. Ya wallafa labarin a 1913. Da wahalarsa aka tabbatar cewa abin da ya faru da halittun ruwa yana iya faruwa da jikin ɗan Adam.

A farkon shekarun 1960 Richard Lipson da abokan aikinsa a asibitin Mayo Clinic da ke Amurka suka nuna cewa wani nau'in wannan rini da aka tace yana taruwa a cikin ƙarin ciwon daji, yana kuma fitar da jan ƙyalli in an haska shi, har likita ya iya ganin inda ciwon yake. Amma wanda ya mai da abin jiyya sosai shi ne Thomas Dougherty na cibiyar ciwon daji ta Roswell Park a birnin Buffalo, Jihar New York. A 1975 ya warkar da ɓeraye masu ƙari. A 1978 ya ba da rahoton majiyyata 25 masu ƙari 113 a fata ko ƙarƙashinta, inda 111 suka ɓace ko suka ragu. Duk da haka sai a 1993 ƙasar Kanada ta zama ta farko da ta amince da maganin, mai suna Photofrin, domin dajin mafitsara. Amurka ta biyo baya a 1995 domin dajin hanyar abinci, sai kuma na huhu a 1998. Wato daga binciken ɗalibin Munik zuwa amincewar hukuma an ɗauki fiye da shekara 90. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu yi shakkar wanda ya ce ya ƙunshe duk wannan aiki a cikin 'yar tocila.

DUWATSUN MURHU UKU

Kowace mace ta san tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. Haka wannan jiyya take, duwatsun murhunta uku ne, wato rini da haske da iskar oksijin. In aka cire ɗaya, girki ya lalace.

Bari mu fara da rini. Abin da ya sa rini ke da launi shi ne yana shanye wani sashe na haske. Shi ya sa zanen da aka bari a kan igiyar shanya kwana da kwanaki yake koɗewa, domin ƙarfin hasken da rinin ya sha yana farfasa shi a hankali. Koren da ke cikin ganye ma rini ne, shi ke kama hasken rana ya ba tsiro abinci. Jan da ke cikin jininmu kuwa ɗan'uwansa ne na kusa a wajen ƙira, sai dai a tsakiyar na jini ƙarfe ne, a tsakiyar na ganye kuma wani sinadari ne dabam. Yawancin rinin da ake wannan jiyya da su daga wannan dangi suka fito. Abin mamaki ne a gare mu yadda Mahalicci ya yi amfani da zubi kusan ɗaya wajen ƙera koren ganye da jan jini, ga shi kuma likitoci sun koma gare shi neman magani.

Idan irin wannan rini ya sha haske, ba ya riƙe ƙarfin, sai ya miƙa shi ga iskar oksijin da ke kusa da shi a cikin tsoka. Nan take iskar ta rikiɗe ta zama mai ƙuna, ta shiga lalata duk abin da ta taɓa. Wanda ya taɓa zuwa marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda ƙyalle ke fitowa daga ramin baba da launin kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Can iska ce ke sauya rini, nan kuwa rini ne ke sauya iska.

Wannan iska mai ƙuna ba ta daɗewa. Rayuwarta 'yan kaso ne cikin miliyan na daƙiƙa ɗaya, tafiyar da take yi kafin ta mutu kuma ba ta kai faɗin ƙwayar halitta guda ba. Saboda haka ɓarnarta tana tsayawa daidai inda rini da haske suka gamu. Ga hikimar abin: rinin ya fi daɗewa a cikin ƙari fiye da lafiyayyar tsoka, likita kuma yana auna hasken ne a kan ƙarin kaɗai. Ta hanya uku ciwon ke mutuwa. Ƙwayoyinsa suna fashewa, ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi suna toshewa, sa'an nan kumburin da ya biyo baya yana tayar da garkuwar jiki ta far wa abin da ya rage.

Shi ma hasken ba kowane iri ba ne. Kowane rini yana da launin da ke tashinsa, kamar yadda kowane kwaɗo yake da mabuɗinsa. Masana suna auna launin haske da wani ma'auni da ake kira nanomita. Photofrin jan haske mai nanomita 630 ake ba shi, kuma likita yana lissafa ƙarfin hasken da yawan mintunan da za a yi ana haskawa. In ya yi kaɗan ciwon ya tsira, in ya yi yawa lafiyayyar tsoka ta ƙone.

Kada kuma a rikita wannan da shuɗin hasken da ake sa jarirai masu shawara a ƙarƙashinsa a asibitocinmu. Can ba a ba jariri wani rini, hasken ne ke sauya rawayan sinadarin da ya taru a jikinsa domin ya fita. Jiyya ce mai kyau, amma dabam take.

YADDA AKE YI WA MAJIYYACI

Idan ciwon yana cikin hanyar abinci ko hanyar numfashi, ana yi wa majiyyaci allurar rinin a jijiya gwargwadon nauyinsa, miligiram 2 ga kowane kilo. Sai a jira sa'a 40 zuwa 50 domin yawancin lafiyayyar tsoka ta fitar da shi, ƙarin kuwa ya riƙe nasa. Bayan haka likita ya zura siririn bututu mai ido ta baki, ya bi da wani zaren gilashi da ke ɗauke da hasken leza har zuwa kan ciwon. Bayan kwana biyu ko uku akan sake leƙawa a kwashe matacciyar tsoka. Ga mutumin da ƙari ya toshe masa maƙogwaro har ba ya iya haɗiye kunu, buɗe hanyar nan babbar rahama ce, ko da ciwon bai warke duka ba.

Sai dai akwai sharaɗi mai nauyi. Ragowar rinin yana zama a fata, don haka majiyyaci zai guji rana da fitila mai ƙarfi na aƙalla kwana 30, wasu ma har wata uku. In zai fita dole ya rufe jiki ruf, da safar hannu da malafa da baƙin tabarau. Man kariya daga rana ba ya hana wannan ƙuna, domin hasken da ido ke gani ne ke tashin rinin. Amma ba a son ya kulle kansa cikin duhu ƙirin, saboda ɗan hasken ɗaki yana taimakawa wajen koɗe rinin a hankali. Kafin ya koma harkokinsa yakan gwada bayan hannunsa a rana na minti 10, ya jira kwana guda ya ga ko wurin zai yi ja. Mu da muke zaune inda rana ke dukan ƙasa kusan kullum, mun san wannan doka ba ƙaramar jarrabawa ba ce ga manomi ko 'yar kasuwa.

Na fata ya fi sauƙi. A shekarar 1990 James Kennedy da Roy Pottier a ƙasar Kanada suka nuna amfanin wani sinadari da ake taƙaita sunansa da ALA. Shi kansa ba rini ba ne, ɗaya ne daga cikin kayan da jiki ke haɗa jan jini da su. In an shafa shi a fata, ƙwayoyin da suka lalace suna shan sa da haɗama, su mai da shi rini a cikin cikinsu, wato da hannunsu suke haɗa abin da zai hallaka su. Amurka ta amince da shi a 1999, wani ɗan'uwansa mai suna Metvix kuma ya samu karɓuwa a Turai a 2001. Ana shafa man, a rufe wurin na sa'a 3, sa'an nan a haska jan haske na kimanin minti 10. Akwai zafi lokacin haskawa, wurin yakan yi ja ya yi ɓawo, amma yakan warke ba tare da babban tabo ba. A 2008 likitoci a birnin Kofanhegan suka nuna cewa ga ƙurajen da ba su yi kauri ba, zaman sa'a 2 da rabi a hasken waje yana iya maye gurbin fitila, kuma zafinsa kaɗan ne. Amma ko wannan ma likita ne ke duba fatar, ya shafa maganin, ya kuma ƙayyade lokaci.

Fa'idar jiyyar a fili take. Sau da yawa ba a kwantar da mutum, gashin kai ba ya zubewa, ana iya maimaita ta a wuri ɗaya, abin da ke da wuya a jiyyar gashi da na'ura, kuma ba ta hana a yi aiki ko a ba da wani magani daga baya. Tana da nata wahalhalun kuma, kamar zafi da kumburi, wani lokaci ma hanyar abinci takan tsuke bayan ta warke.

IYAKAR DA BA TA WUCEWA

A nan ne muke roƙon mai karatu ya tattara hankalinsa. Ka ɗauki tocila da dare ka manna ta a tafin hannunka. Za ka ga yatsunka sun yi ja, domin jan haske ne ya fi ratsa tsoka, amma ba za ka ga komai ta tsakiyar dantsenka ba. Jan hasken da ake jiyya da shi ba ya wuce zurfin kimanin santimita 1, shuɗi kuwa milimita 1 ko 2 kawai yake shiga. Baƙin launin fata ma yana shanye haske, shi ya sa ba a amfani da wannan jiyya ga baƙin dajin fata. Ƙari mai girma kuma sau da yawa tsakiyarsa ba ta samun isasshiyar iska, ka ga dutse ɗaya na murhu ya faɗi ke nan.

Ma'anar wannan ita ce, jiyyar rini da haske ta ciwon da aka gani da wuri ce, wanda yake sama-sama a fata ko a bangon wata hanya da bututu zai iya shiga. Ciwon da ya yi saiwa, ko ya bazu zuwa hanta ko ƙashi ko kaluluwa, ya fi ƙarfinta. Dajin nono da ya zama dunƙule a can ciki ba nata ba ne. Irin waɗannan sai aiki, ko gashi da na'ura, ko ƙarin ruwan maganin daji, ko a haɗa su.

Masana ba su zauna ba, suna ta neman hanyar faɗaɗa wannan iyaka. A cibiyar Weizmann ta ƙasar Isra'ila, Avigdor Scherz da Yoram Salomon sun haɗa wani rini daga koren wasu ƙwayoyin halitta da ke rayuwa inda haske ya yi ƙaranci. Ana soka zaruruwan haske cikin ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wanda likitoci ke kira furostet, jiki kuma yana fitar da rinin cikin sa'o'i maimakon makonni. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2017. Sunansa Tookad, kalmar Ibraniyanci ce, ɗaliban Littafi Mai Tsarki kuma za su same ta a Littafin Firistoci sura 6, inda aka yi maganar wutar bagade. A Japan kuwa, a watan Satumba na 2020, an amince da wani magani da ya samo asali daga binciken Hisataka Kobayashi, inda ake ɗaura rini a jikin wani sinadarin garkuwar jiki da ke neman ƙwayar daji ya manne mata, kashegari a haska. An tanade shi ne domin dajin kai da wuya da ya gagari aiki. A Indiya ma an gwada wata 'yar na'ura mai batir a birnin Aligarh, tare da masana daga Boston, domin dajin baki da aka kama da wuri, da nufin jiyyar ta kai ga talaka.

Afirka ma tana da hannu a ciki. Farfesa Tebello Nyokong, wadda aka haifa a ƙasar Lesoto a 1951, ta yi kiwon tumaki tana yarinya. Ta shafe shekaru a Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu tana binciken wasu rinuka shuɗɗa da koraye, dangin waɗanda ake sa wa fenti da tawada, domin wannan jiyya, kuma a 2009 ta karɓi lambar yabo ta L'Oréal da UNESCO ta mata masana kimiyya. Iyayen da ke tunanin cire 'ya mace daga makaranta su tuna da wannan makiyayiya.

ABIN DA YA SHAFE MU

Wani zai ce, tun da wannan jiyya ba ta yaɗu a asibitocinmu ba, me ya kawo maganarta shafin ikkilisiya? Dalili na farko shi ne domin mu toshe bakin mayaudara. Fitilar mai talla ba ta da rini, ba a auna haskenta ba, babu kuma likitan da ya tabbatar da irin ciwon. Wanda ya saye ta ya yi asarar kuɗi, amma babbar asarar ita ce ta watannin da zai ɓata yana haska gyambo alhali ciwon yana nutsawa. Haka kuma muna gargaɗi kada wani ya ji wannan bayani ya je ya shafa shuni ko wani ruwan ganye ya zauna a rana. Ƙuna kawai zai samu.

Dalili na biyu shi ne darasin da ke cikin iyakar jiyyar. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta nuna cewa a 2022 mutum kimanin 128,000 ne suka kamu da ciwon daji a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka mutu. Likitocinmu sun daɗe suna kukan cewa yawancin majiyyata ba sa zuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Kowace jiyya mai sauƙi, ko ta haske ce ko ƙaramin aiki, ta wanda ya zo da wuri ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan ya fi shafar 'yan'uwanmu zabiya. Fatarsu ba ta da launin da ke kare ta daga rana, saboda haka tun suna matasa sukan fara samun wasu ƙuraje masu kaushi kamar ɓawo a kunne da wuya da leɓe da bayan hannu. A wannan mataki ciwon bai zama daji ba tukuna, kuma a nan ne jiyyar rini da haske ta fi amfani a ƙasashen da ake yin ta. Ko babu ita ma, likitan fata yana iya kashe irin waɗannan ƙuraje da ruwan sanyi mai daskarar da tsoka ko da man shafawa. In aka yi sakaci suka zama gyambo mai zurfi, to sai wuƙar likita. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara, tun daga 2015, domin tunawa da masu wannan larura, kuma ya kamata ikkilisiyoyinmu su riƙa lura da ita.

Littafi Mai Tsarki bai koya mana ɓoye ciwo ba. A Littafin Firistoci sura 13, mai tabo a fata firist ake kai wa ya duba, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da firist ke lura da su shi ne ko tabon ya zarce fata zurfi. In abin bai fito fili ba, a jira kwana 7 a sake dubawa. A 2 Sarakuna sura 20, sarki Hezekiya ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ji shi, duk da haka annabi Ishaya ya sa a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Manzo Bulus kuma bai ji kunyar tafiya da Luka likita ba. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Wanda ya ce wa mara lafiya zuwa wurin likita rashin bangaskiya ne, ya ɗora masa kayan da Ubangiji bai ɗora masa ba.

Don haka muna kira ga fastoci da dattawa da shugabannin zumuntar mata da na matasa. Duk gyambon da ya wuce mako 3 ko 4 bai nuna alamar warkewa ba, ko farin tabo ko ja a cikin baki, ko wahalar haɗiya, ko jini a fitsari ko a majina, ko dunƙule a nono, a kai shi asibiti, a kuma nemi a tura mutum babban asibitin koyarwa in abin ya ƙi, kamar na Shika a Zariya ko na Jos ko na Kano. In mun je gaisuwar mara lafiya, bayan addu'a mu tambaye shi ko likita ya gan shi. A ware wani abu daga baikon taimakon gajiyayyu domin kuɗin mota da na gwaji. Yara zabiya a saya musu malafa da riga mai dogon hannu da man kariya, a zaunar da su a inuwa lokacin taron waje, kada kuma a tura su gona da tsakar rana. Masu tsaron ƙofa kuma kada su bar kowane mai talla ya baza maganin ciwo a harabar majami'a ba tare da sanin dattawa ba, domin jama'a suna ɗauka duk abin da aka sayar a ƙofar ɗakin Allah ikkilisiya ta sa masa albarka.

Da mako ya cika mun koma wurin gwauruwar nan muka bayyana mata duk wannan. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Malam, ashe da na sayi tocila da ran ɗana." Zumuntar mata suka haɗa kuɗi, wani dattijo ya raka su asibiti. Gwaji ya nuna gyambon leɓen ya riga ya wuce inda haske zai kai, ko da a Turai yake, amma bai bazu ba. Aka yi masa aiki aka cire, ƙurajen wuyansa kuma aka daskarar da su. Yanzu yana komawa a duba shi lokaci-lokaci, ya kuma koma cikin ƙungiyar mawaƙa da malafarsa a rataye a wuya.

Allah da ya halicci haske tun ranar fari, ya kuma ba 'yan Adam basirar yin aiki da shi, ya ba mu ƙarfin halin nuna ciwonmu tun yana ƙarami. Ya taɓa marasa lafiyarmu da ke kwance a gida da asibiti, ya ƙarfafa masu jiyyarsu, ya kuma ƙara wa likitocinmu hikima, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.